Sanƙarau Bayan Ruwan Farko

A tsakar gidan lokotoro, wato likita, akwai wani gwangwani da aka kafa bisa turke, bakinsa buɗe yana kallon sama. Ba a zuba masa komai, ba a ɗiba daga cikinsa. Aikinsa ɗaya ne, ya jira ruwan sama, in ya sauka a auna. Maigidana shi ne kukun gidan, kuma ban da tukunya an ɗora masa tsaron gwangwanin nan, kada kaza ta hau, kada mai shara ya ture. In yana ba da labarinsa a gida sai ka ɗauka takobin sarki aka ba shi ajiya.

Zamanin anasara ne, bayan ruwa ya ci tsohon Maraɗi an tashe mu daga fadama an maido mu kan tudu. Lokotoron Bafaranshe ne, dogo, wuyansa ja kullum saboda rana. Ba shi da yawan faɗa irin na 'yan'uwansa, amma yana da tambaya. Ranar kasuwar Tsibiri sai ya tafi can ya sami tsofaffi a gindin itace ya zauna. Wace shekara sanƙarau ya shigo? Kafin shekarar fara ne ko bayanta? A wane wata ya fara, a wane wata ya tafi, ruwa ya sauka a lokacin ko bai sauka ba? Haka ya yi a Jiratawa da sauran ƙauyukan bakin gulbi. Tsofaffin suna amsa masa don ba yadda za su yi, amma in ya tashi sai su ce wannan anasara matattu yake bi, Allah kaɗai ya san abin da zai yi da su.

Ni ma haka nake gani. Maigidana kuwa ya sha maganar mutumin nan har ta kai masa wuya. Komai lokotoro ya ce. In na yi miya, lokotoro ya ce gishiri da yawa ba kyau. In na ɗebo ruwa, lokotoro ya ce a tace. Wata rana na ce masa ya tambayo mini lokotoro ko ya yarda in yi atishawa. Ya yi fushi ya ƙi cin tuwo, ni kuwa na cinye abina.

Muna da 'ya guda ɗaya a lokacin, 'yar fari, ta soma famfara. Yarinya ce mai surutu kamar an kunna ta, ga son waƙa, duk abin da ta ji 'yan mata suna rerawa a dandali sai ta kawo shi gida da rabin baitin a karkace. Ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane, ba na nuna damuwa in ta faɗi. Haka ake yi da ɗan fari, haka uwata ta yi da yayana, kuma macen da ta saki jiki da 'yar farinta a gaban surukai sai a ce ba ta da kunya. Sai dai abin da ke cikin zuciya ba wanda ya isa ya sa masa doka. Ina son yarinyar nan har ina jin tsoron yawan son.

Sanyi bai gama fita ba, an gama kakar gyaɗa, maigidana ya shigo da la'asar bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya zauna kan turmi.

"Ke, lokotoro ya ce bana sanƙarau na tahe."

Na ce, "Wa ya hwaɗa mishi? Aike ya yi mishi?"

"Ki bar wasa. Ya ce da zahi ya kama za shi shigo. Cikin gari za shi hi tsanani, inda mutane ke kwana cunkushe. Za shi yi ta hauhawa har ruwan hwarko ya sauka, sannan shi mutu."

Na ce ai arnan Tsibiri ma da suka buɗe daji don duban shekara sun ce shekarar da nauyi, kuma bara ma haka suka ce, ga mu nan da ranmu. Ya ce su nauyi kawai suka ce, lokotoro kuwa ya faɗi sunan cutar, ya faɗi lokacin shigarta da na fitarta. Abin da ya hana ni ƙara magana shi ne ban taɓa ganin maigidana yana faɗin maganar lokotoro ba tare da fahariya ba sai ran nan.

Ba a jima ba aka soma kafa rumfunan zana a bayan gari, wajen da yanzu ake kira unguwar Zariya, inda nake zaune ina wannan rubutu. A lokacin gonaki ne da sabara. Aka jera rumfuna, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa randuna, kamyo, wato babbar mota, ya kawo akwatunan magani. Ba mara lafiya ko ɗaya. Mutane suna wucewa suna kallon rumfunan nan wayam, iska na kaɗa zana. Wasu suka yi dariya. Tsofaffi ba su yi ba, suka ce wanda ya share ɗaki ya yi shimfiɗa ai kiran baƙo yake yi. Ni dai duk lokacin da na bi ta wajen zuwa itace sai in ƙara sauri.

Maigidana ya yanke shawara ni da yarinyar mu koma Jiratawa wurin mahaifiyarsa har ruwa ya sauka. Lokotoro ya ce cikin gari ne, to a bar garin. Na so in ce maganin fa a gari yake. Amma magana ce a kan 'yar fari, kuma ni ma ina son in yi nesa da rumfunan nan. Na ɗaure kayanmu muka hau jaki.

Jiratawa ta lokacin ba irin ta yanzu ba ce mai noman rani da injin ban ruwa. Ƙauye ne na gero da ɗan lambu a fadama, gulbi kuwa in rani ya yi sai yashi. Inna, uwar mijina, mace ce mai ƙarfin hali da ƙarfin murya. Ta karɓe jikarta tun daga bakin ƙofa, ni kuwa aka nuna mini turmi.

Zafi ya kama, cutar ta shigo. Yadda mutumin nan ya faɗa, haka aka yi, ba daɗi ba ragi. Da farko labari muke ji daga bakin masu dawowa daga kasuwa: ɗan gidan wane ya kwanta da ciwon kai, kafin a ankara wuya ya sandare. Daga baya kumandan, anasaran da ke mulkin gari, ya hana cin kasuwar, dogarai suka tsare hanya, labari ya koma zuwa ta bakin maigidana, don shi yana da izinin wucewa. Duk zuwan da zai yi ya fi na baya rama. Ya ce rumfunan da aka yi wa dariya sun cika har an ƙara wasu. Ya ce akwai unguwar da in ka shiga ba ka jin ƙarar taɓarya.

Amma ya kan zo da wata magana kuma, wadda dole in faɗe ta don gaskiya ce. Waɗanda aka kai rumfa da wuri, yawancinsu suna tashi. Akwai fararen ƙwayoyi, akwai allura, kuma da ba a tanade su tun kafin cutar ba, da kafin su iso daga nesa an gama binne rabin unguwa. Tsofaffin da suka ga sanƙaran da ya wuce sun ce a wancan karo ba a tashi, kwanciya kawai ake yi. Wanda aka ɓoye a ɗaki don tsoron allurar baya, aka tsaya jiƙe-jiƙe, shi ne ke tafiya. Maigidana har ya koya mini yadda ake ganewa. Ka ce wa yaro ya sunkuyar da kai ya dubi cibiyarsa. In haɓa ta taɓa ƙirji, da sauƙi. In ya kasa, a ɗauke shi a ruga.

Kullum da safe sai in faki idon Inna in ja yarinyar bayan rumbu in ce ta duba mini ko tururuwa ta hau cibiyarta. Ta sunkuya tana dariya, ta ce babu. Ta ɗauka wasa ne.

Jiratawa ba ta tsira ɗungurungum ba, an yi rashi a gida biyu ko uku can gefen gari, amma ba a kwatanta da Maraɗi. Sai maganar lokotoro ta zama abin da kowa ke riƙe da shi, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Ya ce za ta zo, ta zo. Ya ce gari, gari ɗin ne. Saura ɗaya, ruwan farko. Duk la'asar mutane na fitowa su dubi gabas. Wasu suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran sama ta biya su. Ban taɓa ganin shekarar da aka ƙosa da ruwa irin wannan ba, kuma ba don gero kaɗai ba.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Zafin har numfashi ke tsayawa, kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Sai wata rana bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, aka ji ƙamshin ƙasa, ruwa ya kece. Ruwa ne na sosai, wanda in ka tona ƙasa laima ta wuce tsawon hannu. Mata suka yi guɗa. Na ga dattijo tsaye a tsakar gida ya ɗaga hannu yana kuka. Yara suka tuɓe suka fita suna tsalle suna waƙar ruwa, yarinyar tawa a cikinsu, muryarta ta fi ta kowa tsini. Na tsaya bakin ɗaki ina kallonta, na ce a raina mun fita.

Washegari gari ya watse gona. Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane wannan safiya ba. Laimar ruwan farko ba ta jiran kowa, don haka babba da yaro, jaki da tsohuwa, kowa na bayan sungumi. Ni aka bari in dama fura in kai. Da hantsi na lura yarinyar ba ta bi yara ba, tana kwance a ɗakin Inna ta juya wa ƙofa baya. Na taɓa ta, jikin kamar garwashi. Ta ce kanta na sarawa, ta ce in rufe ƙofa hasken na shigar mata ido. Kafin azahar ta yi amai.

Na ce ta duba mini tururuwa. Ta sunkuya, haɓar ta kusa kaiwa, ta ce da zafi. Ta kai ko ba ta kai ba? Har yau ban sani ba.

Da Inna ta dawo na faɗa mata, ina kallon ƙasa, da muryar da ake faɗin abin da bai dame ka ba.

"Inna, yarinyar ga jikinta da zahi."

Ta taɓa ta, ta ce, "Ruwa ta sha jiya. Duk ɗiyan da sunka yi wasan ruwa haka za su yi. A dahwa mata sabara."

Ana cikin haka maigidana ya iso, fuskarsa a sake, rabon da in ga haƙoransa tun kafin zafi. Ya ce dogarai sun buɗe hanya. Ya ce da hannunsa ya kai gwangwani, lokotoro ya auna ya ce madalla, cutar ta karye, har an soma kwance rumfuna. Na jira ya gama gaisawa da uwarsa, na bi shi bayan ɗaki.

"Malam, ka dubi yarinyar ga. Ban yarda da ciwon ba."

Ya shiga ya fito. Ya ce, "Zazzaɓi ne. Ba shi yiwuwa shi zama wancan. Ruwa ya sauka."

"Cutar ta san ruwa ya sauka?"

"Ke kin hi lokotoro sani? Wace magana tashi ta taɓa hwaɗuwa ƙasa?"

Babu. Abin da ya ɗaure ni ke nan. Mutumin da ya faɗi abu uku, biyu suka tabbata a idon kowa, wa zai tsaya gardama a kan na ukun? Inna kuma ta jiyo mu ta ɗaga murya daga madafa, ta ce yau ta ga zamani, uwa na rawar jiki a kan ɗiyar fari a gidan surukai, ko ana nufin ita ba ta iya rainon jika ba ne? Na koma na ɗauki taɓarya. Har gobe in na tuna yinin nan raina ɓaci yake yi, kuma na rasa wanda zan kama. Inna ba mugunta ta yi ba, mijina ba ƙarya ya yi ba, lokotoro ma ba ya wajen.

Da gari ya waye na shiga ɗakin. Yarinyar na kwance kanta ya koma baya, bayanta ya lanƙwashe. Na sa hannu a ƙeyarta in ɗaga kan, sai duk jikin ya taso tare kamar itace, ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin yaro ba.

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi na kira shi, a gaban Inna, a gaban mijina, a gaban maƙwabtan da suka leƙo, sunan da ban taɓa furtawa a bainar jama'a ba tun ranar da aka raɗa shi. Ta buɗe ido ta dube ni. Ta ji. Wannan ina da tabbacinsa, a safiyar nan ta ji ni. Na goya ta a baya na ɗaure da zane na fita, ban nemi izinin kowa ba. Inna ta cire mayafinta ta lulluɓa wa yarinyar saboda rana.

Jakuna duk suna gona. Muka kama hanyar Maraɗi a ƙasa, maigidana ya karɓe ta in na gaji, in karɓa in ya gaji. Hagu da dama mutane na shuka, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Kowa muka wuce sai ya ɗago da fara'a ya ce barka da ruwa, barka da fita masifa. Muna amsawa. Kan yarinyar na bugun kafaɗata, zafinta na ratsa zane.

Da muka isa bayan gari, rumfunan sun zama tarin zana a ƙasa, ma'aikata na naɗe tabarmi suna hira. 'Yan kaɗan suka rage a tsaye, na masu murmurewa. Lokotoro na wajen yana duba akwatunan da za a mayar. Ya hango kukunsa da yarinya a hannu, ya ajiye abin da yake riƙe da shi. Bai tambayi komai ba, ya sa hannu a ƙeyarta, ya ɗaga murya aka kawo allura. Aka lanƙwasa ta aka soka a baya. Ruwan da ya fito ba garau yake ba, kamar ruwan tsakin gero. Ya tambayi yaushe ta fara. Maigidana ya faɗa masa. Ya tambayi me ya sa ba a kawo ta jiya ba.

Ni na amsa. Ban taɓa yi wa anasara magana ba sai ran nan.

"Kai ka ce in ruwa ya sauka ta mutu."

Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta tsofaffin Tsibiri. Ya dube ni ya ce a hankali, mijina na cike masa inda ya kakare, cewa cutar tana mutuwa, gaskiya ne, nan da ɗan lokaci ba za a ƙara ganinta ba. Amma shi lissafin gari ya yi, ba na gida ɗaya ba. Ya san lokacin da za ta ragu, bai san wanda ta riga ta shiga jikinsa kafin ruwan ba. Ya ce ko wace annoba akwai na ƙarshe, kuma ba wanda ya taɓa sanin ko wane ne sai bayan an gama. Na ce to me ya hana ya faɗi wannan tun farko? Ya ce ya ɗauka kowa ya sani. Ban ƙara ce masa komai ba, don da na ƙara da sai an kore mijina daga aiki.

Aka sake ɗaga rumfa ɗaya saboda ita. Mutumin nan ya tsaya a kanta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Maganin da ya tanada tun garin na masa dariya, shi aka yi ta ɗura mata. Inna ta biyo mu da fura ta zauna bakin rumfa, ba ta ƙara ambaton kunya ba. A hankali zafin ya sauka, wuyan ya saki, ta soma shan kunu. Ta rayu. Ta yi shiru dai, ba surutu, ba waƙa, in ana magana sai ta yi ta bin bakin mutum da ido. Muka ce gajiyar ciwo ce.

Ranar da aka ce gobe za a sallame mu, hadari ya sake haɗuwa da rana tsaka. Yarinyar na zaune bakin rumfa ta ba mu baya, ƙwaryar kunu a cinyarta. Maigidana ya kawo mata 'yar alewa daga gidan lokotoro, yana tsaye yana kakkaɓe riga. Sai aradu ta faɗi kusa, irin wadda ke girgiza ƙasa. Inna ta yi salati ta saki ludayi, ni na dafe ƙirji, wani jaki da ke ɗaure ya tsinke igiya ya ruga. Yarinyar da a da ko tsawa daga nesa ta ji sai ta shige zanena, yau ba ta ko motsa ba. Ta ɗebi kunu ta kai baki.

Muka dubi juna. Maigidana ya matsa bayanta ya kira sunanta a hankali. Ya ƙara da ƙarfi. Ya tafa hannu dab da kunnenta. Sai da ɗigon farko ya faɗo cikin ƙwaryar sannan ta ɗaga kai ta dubi sama, ta waiwayo tana murmushi, tana nuna mana da yatsa cewa ruwa ya zo.

Bayanta ba a sake kawo kowa rumfar ba. Lokotoro ya yi daidai, cutar ta tafi da ruwa.